Idan katanga ta rufta wa 'yan kallo: wa ke ɗaukar alhaki a filayen ƙwallon ƙauyukan Hausawan Sudan?

A watan Yulin 2008, turmutsutsu ya hallaka kimanin mutum 20 a filin wasa na ƙungiyar Al-Merrikh da ke Omdurman. Ba ƙwallo ake bugawa ba a ranar. Iyaye da 'yan uwa ne suka yi dafifi domin kallon bikin yaye matasan da suka kammala horon yi wa ƙasa hidima, cunkoson ya fi ƙarfin wurin. Wannan babban fili ne, an san mai shi, an san hukumar da ta shirya taron, saboda haka an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a nemi bayani.

Lamarin ya fi rikitarwa a ƙauyukan Hausawa na jihohin Jazira da Sinnar da kuma Blue Nile, wadda mutanen wurin ke kira Nil Azraƙ. A can ana buga yawancin wasanni a fegi ko a harabar makaranta, kwamitin samari ne ke shiryawa, sau da yawa kuma babu tikiti, babu takarda. Idan katanga ta faɗi, ko wayar lantarki ta kama yaro, abin da aka saba ji shi ne tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Dokar Sudan da fiƙihun Musulunci ba su musa ƙaddara ba, amma dukansu suna ci gaba da tambaya: a hannun wa wurin yake, kuma me ya kamata ya yi da bai yi ba?

Ƙauyukan da filayensu

Hausawa sun daɗe a wannan yanki. Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kawo su, sannan bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci masu hijira zuwa gabas. Garin da suka zauna a bakin kogi, kudu da Sinnar, shi ne Mai Wurno na yau. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe babban aikin noman auduga na Jazira, sai ƙarin mutane daga Afirka ta Yamma suka kwararo neman aikin gona. Da yawa daga cikinsu sun zauna a matsugunan ma'aikata da ake kira kambo, jam'insa kanabi, waɗanda har yau yawancinsu ba su da takardar mallakar ƙasar da suke kai.

Ƙwallon ƙafa ma tsohon abu ne a nan. Sudan na cikin ƙasashen da suka kafa hukumar CAF a 1957, ita ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin Afirka ta farko, kuma ta ɗauki kofin a gida a 1970. A wannan gasa ta 1970 an buga wasu wasannin a Wad Madani, babban birnin Jazira, haka ma a gasar CHAN ta 2011. Amma filin Wad Madani ɗaya ne, ƙauyuka kuwa ɗaruruwa. Gasar unguwanni da ta watan azumi, wadda ake yi da dare a ƙarƙashin fitilar janareta, ita ce ƙwallon da talaka ya sani. Mai kallo yana tsaye a bakin layi, ko ya ɗare katangar makaranta, ko rufin ɗaki, ko bayan babbar mota.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya ƙara wa wannan hali nauyi. Dakarun RSF sun kama Wad Madani a Disamban 2023, sojoji suka ƙwato shi a Janairun 2025. Gine-ginen da suka kwana biyu babu mai kula da su, damina ta bi ta kansu, wasu kuma harsashi ya taɓa su, su ne waɗanda jama'a za su jingina da su duk ranar da aka sake busa usur.

Abin da dokar Sudan ta tanada

Dokoki biyu ne suka fi shafar wannan batu. Ta farko ita ce dokar mu'amalolin farar hula ta 1984. Sashe na 138 ya kafa ginshiƙin: duk aikin da ya jawo wa wani cuta yana wajabta wa wanda ya aikata shi biyan diyya, ko da mai aikatawar bai kai ga wayo ba. Ba a buƙatar yarjejeniya tsakanin mutanen biyu. Wannan na nufin rashin sayar da tikiti ba ya wanke kowa.

Dokar ta kuma ɗora alhaki a kan wanda abu ke ƙarƙashin kulawarsa, dabba ce ko kaya, mai motsi ne ko gini. Abin dubawa shi ne wanda ke da iko da abin a zahiri lokacin da ya yi ɓarna, ko da ba shi ne mai shi a takarda ba. Haka nan ubangida yana ɗaukar alhakin cutar da ma'aikacinsa ya jawo a bakin aiki. Hanyar kuɓuta ita ce wanda ake tuhuma ya tabbatar da cewa cutar ta zo ne daga wani dalili da ba shi da hannu a ciki: abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam, ko aikin wani mutum dabam, ko aikin shi kansa wanda ya ji raunin.

Doka ta biyu ita ce dokar manyan laifuka ta 1991. Ta tanadi laifin kisan kuskure, wanda ya haɗa da mutuwar da sakaci ya jawo, da hukuncin ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ba tare da an taɓa haƙƙin iyalan mamaci na karɓar diyya ba. Saboda haka haɗari ɗaya na iya buɗe ƙofa biyu: ta hukunci da ta biyan diyya.

Misali daga filin ƙauye

A ɗauka an shirya wasan ƙarshe tsakanin ƙauyuka biyu a harabar wata makaranta. Kwamitin samari ya karɓi izinin baki daga shugaban makarantar, ya yi hayar janareta, ya tara kuɗi daga 'yan kasuwa domin sayen kofi. Yara fiye da ashirin suka hau katangar tubalin laka da ta riga ta tsage. Aka ci ƙwallo, suka yi tsalle, katangar ta kwanta a kan waɗanda ke zaune a gindinta.

Wanda za a fara dubawa shi ne mai ginin. Katangar makarantar gwamnati tana ƙarƙashin hukumar da ke kula da makarantar, kuma idan an san ta tsage aka bar ta, wannan sakaci ne. Malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna mas'alar katangar da ta karkata: idan an gargaɗi mai ita a gaban shaidu, ya samu damar gyarawa bai gyara ba, to abin da ta lalata yana wuyansa. Shi ya sa gargaɗin da aka yi a rubuce, ko a gaban mutane, yake da daraja sosai ranar shari'a.

Na biyu shi ne mai shirya wasan. Wanda ya kira jama'a wuri shi ne ya san yawan da yake sa ran zuwa, shi ya zaɓi filin, shi ya tsara inda za a tsaya. Daga lokacin da aka miƙa masa wurin, yana iya zama mai kula da shi a idon doka. Janareta da wayoyin da aka ja su ma suna ƙarƙashinsa ko ƙarƙashin mai hayar, gwargwadon wanda ke sarrafa su a daren. Doka ba ta neman ya hana kowane irin tsautsayi. Tana neman ya yi abin da mai hankali zai yi: ya duba katanga, ya sa masu hana yara hawa, ya bar hanyar fita a buɗe.

A nan ne ƙauyuka ke da wata matsala ta musamman. Ƙungiyar da ke da rajista tana da suna da asusu nata, ita ake kai wa ƙara. Kwamitin da ba shi da rajista kuwa ba kowa ba ne a gaban alƙali, saboda haka ƙarar tana sauka a kan mutanen da suka yi aikin da sunayensu: wanda ya karɓi izini, wanda ya riƙe kuɗi, wanda ya yi shela. Saurayin da ya shiga kwamiti don son ƙwallo na iya wayar gari da bashin da ya fi ƙarfin gidansu. A kanabi kuma, inda filin kansa ba shi da takarda, da wuya a sami wata hukuma da za ta amsa cewa wurin nata ne.

Na uku shi ne ɗan kallon kansa. Baligin da aka ce ya sauka daga katanga ya ƙi, ya taimaka wajen jawo wa kansa rauni, kuma alƙali na iya rage masa diyya ko ya hana shi baki ɗaya. Yaro ƙarami dabam ne, domin ba a sa ran ya auna haɗari kamar babba, kuma duk mai shirya wasa a ƙauye ya san yara ne rabin 'yan kallonsa. Akwai kuma haɗarin da ke cikin wasan kansa. Wanda ya tsaya a bayan raga ƙwallo ta buge shi, da wuya ya ci nasara a kan ɗan wasan da ya buga ta bisa ƙa'ida. Amma ɗan wasan da ya ɗauki dutse ya jefi 'yan kallo ya fita daga wasa ya shiga laifi.

Darasin manyan filaye

Inda aka kai irin waɗannan shari'u gaban kotu a Afirka, sakamakon ya bambanta. A ranar 29 ga Maris 2009, mutum 19 sun mutu a filin Houphouët-Boigny na Abidjan kafin wasan Kodebuwa da Malawi. Hukumar FIFA ta ci tarar hukumar ƙwallon ƙasar kuɗin Suwizalan dubu 50, kotun Abidjan kuma ta yanke wa shugaban kwamitin shirya wasan ɗaurin wata shida. A nan alhakin ya hau kan mai shiryawa.

A Accra kuwa, ranar 9 ga Mayun 2001, mutum 126 suka rasu a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, bayan 'yan sanda sun harba hayaƙi mai sa hawaye cikin 'yan kallo, jama'a suka ruga suka tarar da hanyoyin fita a toshe. Kwamitin bincike ya ɗora laifi a kan 'yan sanda, an gurfanar da jami'ai shida, amma kotu ta sallame su. Gano abin da ya faru abu ne guda, tabbatar da laifin wani mutum takamaimai a gaban alƙali kuma wani abu ne dabam.

A Dakar, ranar 15 ga Yulin 2017, katanga ce ta rufta a filin Demba Diop yayin da magoya baya ke gudun faɗa da hayaƙi, mutum takwas suka mutu. A Yawunde ma mutum takwas ne suka rasu a ƙofar filin Olembe ranar 24 ga Janairun 2022, a lokacin gasar cin kofin Afirka, kuma CAF ta ɗauke wasan da ke biye daga filin. Ƙofa a rufe, katanga mai rauni, jama'a fiye da kima: abubuwan da ke kisa a babban birni su ne dai ke kisa a ƙauye.

Diyya da waɗanda ke biyanta

Dokar 1991 ta bi fiƙihu wajen ƙayyade cikakkiyar diyyar rai da raƙuma 100, ko kuɗin da ya yi daidai da su, wanda Alƙalin Alƙalan ƙasar ke sanarwa lokaci zuwa lokaci. Raunuka ma suna da nasu ma'auni. A fiƙihu, ido ɗaya ko hannu ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma goma, haƙori raƙuma biyar.

A kisan kuskure ba a bar mai laifi shi kaɗai da wannan kaya ba. Ana raba shi da waɗanda ake kira aƙila, wato asali danginsa maza ta wajen uba. Dokar Sudan ta faɗaɗa ma'anar kalmar, ta shigar da kamfanin inshorar da ya yi wa mutum lamuni, da ƙungiyar da ke da haɗin gwiwar kuɗi da shi, da kuma ma'aikatar da yake yi wa aiki idan abin ya faru a bakin aiki. Wannan tanadi yana da amfani ga masu shirya wasa. Ƙungiyar da ta yi rajista ta kuma yi inshora ta samar wa 'ya'yanta aƙila. Wadda ba ta yi ba ta bar nauyin a kan baffanni da 'yan uwa, manoma da leburorin gona da yaƙi ya riga ya talauta.

Saura mas'ala mafi wuya: wanda aka tattake a turmutsutsu ba a san ƙafar da ta taka shi ba. Malaman farko sun yi saɓani a kai. An ruwaito daga Sayyidina Umar da Sayyidina Aliyu cewa baitulmali ne zai biya diyyarsa, domin kada jinin Musulmi ya tafi a banza. An ruwaito daga Hasanul Basari cewa waɗanda suka halarci wurin ne za su biya. Imamu Malik kuwa ya tafi a kan cewa ba za a kama kowa ba tunda ba a san wanda ya yi ba. Sai dai duk wannan saɓani yana magana ne a kan cunkoson da ba a gano musabbabinsa ba. Idan an san wanda ya kulle ƙofa, ko wanda ya shigar da mutane fiye da yadda wurin zai ɗauka, an koma babin wanda ya zama sanadi, kuma shi ake bi.

Judiyya ko kotu

A aikace, yawancin irin waɗannan matsaloli a karkarar Sudan ba sa ƙarewa a kotu. Ana zama ne a yi judiyya, wato sulhun gargajiya, inda dattawan da ake kira ajawid, tare da omda ko shehun ƙauye da limamai, suke sauraron ɓangarorin biyu su yanke abin da za a biya. Sau da yawa iyalan mamaci sukan yafe diyyar duka ko wani sashe nata, su karɓi kuɗin magani da na zaman makoki kawai. Hanya ce mai sauri, mai arha, kuma tana kiyaye zumunci.

Tana da nata rauni. Matar da ta rasa mai ciyar da ita na iya jin nauyin dattawa ta yafe abin da ba ta so yafewa ba. Diyya gado ce, kuma rabon maraya ƙarami ba abin da wani babba zai yi kyauta da shi ba ne don a yaba masa. Sulhun da ba a rubuta ba kuma yakan tashi bayan shekara guda, lokacin da raunin da aka raina ya zama naƙasa.

A Nil Azraƙ akwai ƙarin dalilin yin hattara. Rikicin ƙabilanci na watan Yulin 2022, wanda ya haɗa Hausawa da wasu maƙwabtansu a yankunan Rosairis da Damazin, ya ci rayuka fiye da 100, kuma batun filaye da sarautar gargajiya na cikin tushensa. A irin wannan wuri, yaron wata ƙabila da ya mutu a filin wasan wata ƙabilar ba ƙaramin al'amari ba ne. Saurin fitowa a amsa alhaki da biyan abin da ya wajaba na iya zama abin da zai kashe wutar tun tana ƙarama.

Yaya abin yake a Nijar?

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai ga cewa tushen dokar ya sha bamban, amma inda aka dosa ɗaya ne. Nijar ta gaji kundin Code civil daga Faransa. Sashe na 1382 da na 1383 sun wajabta biyan diyya a kan wanda ya cutar da wani da gangan ko da sakaci, na 1384 ya shafi abubuwa da mutanen da ke ƙarƙashin kulawar mutum, na 1386 kuma ya kama mai ginin da ya rushe saboda rashin gyara ko aibin gini. A Faransa kanta, rumfar wucin gadi da ta rufta a filin Furiani na Bastia ranar 5 ga Mayun 1992 ta kashe mutum 18 a lokacin, ta raunata fiye da 2,000, kuma kotu ta hukunta wasu daga cikin waɗanda suka gina ta da waɗanda suka shirya wasan. Dokar wasanni ta ƙasar tana tilasta wa masu shirya gasa yin inshora. Tambayoyin da ake yi wa kwamitin ƙwallo a Jazira su ne za a yi wa mai shirya kokawa ko dambe a kowane gari na ƙasar Hausa.

Kafin wasa da bayan haɗari

Abin da ke kare mai shirya wasa ba shi da tsada. Ya karɓi izinin wurin a rubuce, a bayyana wanda ke kula da me. Ya sanar da 'yan sanda da ƙaramar hukuma. Ya zagaya filin da rana tare da magini, duk katangar da ta tsage a ja igiya a nisanta mutane da ita. A ɗaga wayoyin janareta sama ko a binne su. Idan filin na da shinge, kada a kulle ƙofa ko ɗaya muddin akwai mutane a ciki. A ajiye mota ɗaya da direbanta a shirye. Sanarwar da ake yi ta lasifika cewa kowa ya kula da kansa tana da amfani a matsayin gargaɗi, amma ba ta sauke nauyin duba katanga daga kan kowa ba.

Ga iyalan wanda ya ji rauni, magani ne farko, hujja ta biyo baya. A Sudan takardar da ake kira Urnik 8, wadda ake karɓa daga 'yan sanda likita ya cike ta, ita ce ke tabbatar da rauni da girmansa a gaban kotu. A ɗauki hoton wurin da waya kafin a kwashe ɓaraguzai, a rubuta sunayen waɗanda suka gani da idonsu, a adana rasiɗin kowane magani. Dokar 1984 ta ba da wa'adin shekara biyar don shigar da ƙarar neman diyya, daga ranar da mutum ya san cutar da wanda ya jawo ta, kuma ba a sauraron ƙarar bayan shekara 15 da faruwar abin. Idan an zaɓi judiyya, a rubuta abin da aka amince, shaidu su sa hannu, a ware rabon yara ƙanana, kuma kada a rufe maganar rauni sai likita ya faɗi inda ya tsaya.